Yawon ƙafa a Krakow: na fadar sarakuna ko na unguwar Yahudawa, wanne zan ɗauka?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah waɗanda suka taɓa zuwa Krakow ta ƙasar Poland ina neman shawara. Mun gama jarabawa, ni da abokin ɗakina muna so mu hau jirgin ƙasa daga Warsaw ranar Juma'a da yamma mu kwana biyu a can, to na duba intanet na ga irin yawon nan na ƙafa da ɗan jagora yake tafe da ku yana zuba bayani, kala biyu ne suka fi yawa, ɗaya na tsohon gari da fadar sarakuna ta Wawel, ɗaya na Kazimierz wato unguwar Yahudawa, kowanne wajen awa biyu da rabi zuwa uku kuma wai kyauta ne. Aljihuna ba nauyi, ƙafata ma ba ta son wahala 😅 wanne ya fi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kafin komai cire kalmar kyauta daga ranka ƙanina. Ba a karɓar ko sisi a farko, amma in an gama mutumin zai tsaya ya ce kowa ya ba da abin da ya ga ya dace, kuma kowa na kallon hannun kowa. Da wannan tukuicin yake ci, an ce wasu ma sai sun biya kamfanin da ya haɗa su da ku wani abu a kan kowane kai. Ni zuloti 50 na kuɗin Poland na bayar ban ji na cuci kaina ba.

Ɗan Fagge: Hamsin?? Yaya Injiniya ai cefanen kwana uku ke nan

Injiniya: To ka ba da ashirin ka sunkuyar da kai 😂 amma kar ka sulale kamar yadda na ga wasu suna yi ana saura minti biyar a tashi, abin kunya ne, kuma mu baƙaƙen nan ba a manta fuskarmu a cikin taro.

Maman Khalifa: Ni dai na sarakunan na yi da yarana bara kuma sun ji daɗi. Daga ƙofar Florian aka fara, aka bi titin Florianska har babban dandalin kasuwa, filin nan faɗinsa kusan mita 200 ta kowane gefe, daga nan titin Grodzka har kan tudun Wawel, hanyar da sarakunansu suke bi ke nan in za su shiga gari. Ni wlh hawan Sallah ya tuna min, yadda sarki yake da hanyarsa sananniya da ƙofar da yake bi. A dandalin kowace awa wani yana busa ƙaho daga saman hasumiyar coci sai ya katse a tsakiya kamar an shaƙe shi, wai tunawa da mai gadin da aka harba da kibiya a maƙogwaro lokacin da Mongol suka kawo hari, ɗan jagoran da kansa ya ce tatsuniya ce amma harin na 1241 gaskiya ne. Khalifa kuwa ba abin da ya dame shi sai gunkin dodon nan na gindin tudu mai fitar da wuta ta baki, sai da muka tsaya ya fitar sau uku kafin ya yarda mu tafi.

Abu Hanifa: Ɗan Fagge ka yi na sarakunan ka dawo abinka. Ni ban ga dalilin da Musulmi zai ɗauki ƙafarsa da kuɗinsa ya je yawon tarihin Yahudawa ba alhali muna ganin abin da ake wa 'yan'uwanmu a Gaza. Wannan ra'ayina ne.

Malam Tarihi: Abu Hanifa zafin da kake ji duk muna jin sa, ba wanda ya kwana lafiya da hotunan nan. Amma bari in ɗan ja da kai. Mutanen da za a ba ka labarinsu a Kazimierz teloli ne da 'yan koli da malamai da ɗalibansu da suka zauna a garin ɗaruruwan shekaru, 'yan Nazi na Jamus suka kwashe su suka hallaka tsakanin 1941 da 1945, ƙasar Isra'ila kuwa sai 1948 aka kafa ta. Yaron da aka harbe a Podgorze, unguwar da aka killace su, a 1943 me ya yi wa Bafalasɗine? Sannan kuɗin naka aljihun ɗan Poland mai jagora zai shiga, galibi ɗalibi ne irinka mai neman na haya. Kuma ka san hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, an wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ce.

Abu Hanifa: Na san hadisin Malam. Maganata shiga wurin ibadarsu ne da kuma yadda ake amfani da labarin nan ana rufe bakin duk wanda ya yi maganar Falasɗinu

Malam Tarihi: Maganar shiga wurin ibada ka tambayi malaman fiƙihu, sun yi saɓani a kai tun da daɗewa, ni ba mai fatawa ba ne. Amma yawancin yawon a kan titi ake yin sa, a waje ake tsayawa, wanda yake son shiga shi zai sayi tikiti daban. Kuma Wawel ɗin da ka ce ya je, rabin abin kallon babban coci ne da kaburburan sarakuna a ƙarƙashinsa, ka ga ke nan matsalar tana can ma. Batun masu amfani da labarin don siyasa kuwa akwai su, amma ai maganin wannan ka san labarin da kanka, ba wai ka bar musu shi ba.

Hajiya Turai: Malam ya gama magana. Ku bar yaro ya je ya ga duniya.

Malam Tarihi: Yauwa Hajiya. Ɗan Fagge yanzu ga amsar tambayarka, kuma ka yi haƙuri zan yi tsawo. Masu sayar da yawon nan sun raba shi gida biyu ne don su sayar sau biyu, amma labari ɗaya ne, in ka yi ɗaya ka bar ɗaya kamar ka ci tuwo ba miya ne. Duba takardar zuloti 50 da Injiniya ya bayar, hoton da ke jiki Sarki Kazimierz ne wanda suke kira Babba, ya yi mulki daga 1333 zuwa 1370, kabarinsa yana cikin cocin Wawel, shi ya kafa jami'ar Krakow a 1364, kuma shi ya kafa garin Kazimierz a 1335 ya sa masa sunansa. To a nan mutane da yawa suke kuskure, har wasu 'yan jagoran suna barin kuskuren ya wuce saboda ya fi daɗin ji, wai ya gina garin ne don Yahudawa. A'a. Gari ne na Kiristoci da ganuwarsa da kasuwarsa da manyan coci-coci, har yau suna nan za ka gani. Yahudawa lokacin suna cikin Krakow kanta, kusa da babban dandalin nan da Maman Khalifa ta faɗa, wajen da tsohon ginin jami'a yake yanzu. Abin da sarkin ya yi musu shi ne a 1334 ya tabbatar da wata takardar kariya da wani basarake ya fara bayarwa a garin Kalisz a 1264, wadda ta tsare rayukansu da dukiyarsu da wuraren ibadarsu da maƙabartunsu, ta ba su damar yin shari'a tsakaninsu. Kar ka ɗauka tausayi ne zalla, sarki yana son haraji da masu ba da rance da 'yan kasuwa masu hanya har ƙasashen waje, su kuma suna son inuwa, kowa da abin da ya kawo shi. To ita inuwar sarki ka san halinta. A 1494 gobara ta ci wani yanki na Krakow, aka ɗora musu laifi, 'yan kasuwar gari da ma sun daɗe suna jin haushin gasar da suke musu, a 1495 Sarki Jan Olbracht ya ce su tattara su koma Kazimierz. Daga tudun Wawel ɗin nan kariyar ta fito, daga nan kuma korar ta fito. Tsakanin fadar da unguwar tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa.

Ɗan Fagge: Kai Malam 🙌 ashe haka ne. Ni na ɗauka tun asali unguwarsu ce

Injiniya: Mu namu ɗan jagoran cewa ya yi wai sarkin yana da wata budurwa Bayahudiya Esterka shi ya sa ya so su

Malam Tarihi: Haha ba ɗan jagoran da ba ya ba da wannan, shi yake kawo tukuici. Wani marubucin tarihinsu ne ya rubuta shi wajen shekara ɗari bayan rasuwar sarkin, masana suna ɗaukar sa almara. Ka ji shi kamar yadda kake jin labarin Bayajidda da Daurama, da daɗi, amma kar ka rubuta shi a jarabawa a matsayin hujja.

Ummu Sultan: Ni na yi na Kazimierz ɗin watan Oktoba, bari in faɗi abin da na gani ba na littafi ba. An fara a titin Szeroka, sunan titi ne amma fili ne mai faɗi, tsohuwar majami'arsu tana ƙarshensa, ta ƙarni na 15, yanzu gidan tarihi ce. Majami'u bakwai ne a ɗan yankin nan da bai fi ka zaga shi cikin minti ashirin ba. Wadda ta tsaya min a rai ƙaramar nan ce Remuh, sunan wani babban malaminsu Moses Isserles da ya rasu a 1572, kabarinsa yana bayanta mutane suna ɗora ƙananan duwatsu da 'yan takardu a kai. Yadda aka bayyana mana shi wlh kamar ana maganar malaman zaure, wani malami daga ɓangaren Yahudawan Andalus ya rubuta littafin hukunce-hukunce, shi kuma ya bi shi da hashiya yana cewa mu a nan ga yadda al'adarmu take, har yau tare ake buga su. Sannan katangar maƙabartar da gutsattsarin duwatsun kabari aka gina ta, waɗanda aka farfasa lokacin 'yan Nazi, bayan yaƙi aka tono aka jera. Maza sai sun rufe kai kafin su shiga, akwai 'yan huluna a ƙofa, maigidana kuwa da zanna bukar ɗinsa a kai mai ƙofar ya kalle shi ya ɗaga masa babban yatsa ya wuce 😂

Hajiya Turai: Hular Bahaushe ba ta taɓa ba shi kunya ba

Ummu Sultan: Amma Hajiya ƙarshen yawon ba dariya. An tsallaka kogin Vistula zuwa Podgorze inda Jamusawa suka yi geto a watan Maris 1941, kuma geto a nan ba irin wanda yaranmu suke faɗa ba ne na unguwar talakawa, kurkuku ne da katanga, wurin da mutum kamar dubu 3 suke zaune aka cusa wajen dubu 15. Guntun katangar yana nan, samanta an yi shi da siffar duwatsun kabari, da gangan. Kafin yaƙi Yahudawan Krakow sun haura dubu 60, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na garin. A 13 da 14 ga Maris 1943 aka watse geton, masu ƙarfi aka kai sansanin Plaszow, sauran aka kashe a titi ko aka tura sansanin kisa na Auschwitz. Filin da ake tara su yanzu kujerun ƙarfe ne a jere ba kowa a kai. A kusurwar filin akwai kantin magani na wani ɗan Poland Tadeusz Pankiewicz, Kirista ne, ya ƙi tashi ya zauna cikin geton yana taimaka musu. Ni dai da na ga kujerun nan Gaza ce ta faɗo min a rai, Abu Hanifa, ban ji zuwana ya rage min komai ba, kuka na yi wa duka biyun.

Abu Hanifa: Allah ya isar wa duk wanda aka zalunta. Ni dai har yanzu ba zan je ba amma ban ce wanda ya je ya yi laifi ba.

Malam Tarihi: Kuma ka ga inda zaren ya sake komawa fada. Gwamnan da Hitler ya naɗa a yankin, Hans Frank, a cikin Wawel ya tare, a ɗakunan sarakunan. A yawon sarakuna da wuya a daɗe a kan wannan, ana sauri a kai ku wajen ƙararrawar Sigismund ta 1520 da labarin dodo.

Ɗan Damagaram: Sannunku ƴan uwa, ni daga Faransa nake bin ku. Ban je Poland ba amma na yi irin wannan yawo a Ƙurɗuba ta Andalus, garin su Imam Ƙurɗubi, kuma abin da Malam ya faɗa haka yake can ma. Unguwar Yahudawa tana manne da babban masallacin da aka mai da coci, lunguna ƙanana farare kamar tsohon Birni na Zinder. Akwai gunkin Musa bin Maimun, wanda Turawa ke ce ma Maimonides, haifaffen garin ne, da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa, ya ƙare a Misira yana likita a fadar Salahuddin, ya rasu 1204. Amma gidansu gudu suka yi daga Ƙurɗuba lokacin da Muwahhidun suka karɓi mulki suka matsa ma waɗanda ba Musulmi ba, wannan ma a faɗe shi, ba kullum muke da gaskiya ba. Sai 1492 Ferdinand da Isabella suka ci Garnaɗa, a shekarar suka kori Yahudawa duka, daga baya aka bi da Musulmi. Wanda ya buɗe ma korarrun ƙofa Sarkin Daular Usmaniyya ne Bayazid na biyu.

Ɗan Fagge: Daular Usmaniyya ta Sakkwato?? 😳

Ɗan Damagaram: Kai yaro 😂 ta Turkiyya, Istanbul. Shehu ai sai bayan shekara ɗari uku

Injiniya: Tunda an zo kan Turkawa, Ɗan Fagge shirya zuciyarka, a Wawel za a nuna maka kabarin Jan Sobieski, wanda ke jikin zuloti 500 in ka taɓa riƙe ta, shi ya karya rundunar Turkawa a ƙofar Vienna a 1683, kuma a cikin fadar akwai tantunan Turkawa masu ado da ake nunawa, wasu ganimar yaƙin ne. Namu ɗan jagoran sai da ya gama kirarin an ceci Turai sannan ya lura da ni da wani ɗan Masar a cikin ayarin, sai ya hau kame-kame.

Malam Tarihi: Da ka taimake shi ka ce masa a cikin rundunar Sobieski ɗin akwai mahaya Musulmi, Tatar, kuma shi ya ba su filaye a 1679 a gabashin ƙasar, ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki, masallatansu na katako suna nan har yau ana sallah. Salon dai ɗaya ne da na Yahudawan, sarki yana buƙatarka ya ba ka takarda da fili.

Maman Khalifa: Malam ka manta Jadwiga, ni ita ta burge ni, yarinya ƙarama aka naɗa a 1384 kuma da sunan sarki aka naɗa ta ba sarauniya ba, don a nuna ita ce mai mulkin ba matar mai mulki ba. Na ce wa 'yata kin ga Amina ta Zazzau ɗinsu

Baban Ummi: Ni ƙorafina daban ne. Kazimierz ɗin yanzu ta zama wurin shaƙatawa, mashaya ko'ina, gidajen abinci da rubutun Ibrananci a ƙofa da masu goge suna kiɗa, ka shiga ka tarar ba Bayahude ko ɗaya daga mai gidan har masu kawo abincin. Tun da aka ɗauki fim ɗin nan na Schindler, Bajamushen da ya ceci Yahudawan da ke aiki a masana'antarsa, a unguwar a 1993 'yan yawon buɗe ido suka yi ca, kuma abin dariya a Kazimierz aka ɗauki wurare da yawa alhali geton na gaske yana tsallaken kogi. Ga motocin nan ƙanana masu batir suna zagawa da lasifika. Sai na ji kamar an kashe masu gida an mai da gidan wurin biki. Mu namu jagoran ma haddace abin ya yi kamar karatun allo, na yi masa tambaya ɗaya ya ce a bari sai ƙarshe, ƙarshen bai zo ba har yau.

Ummu Sultan: Gaskiya ne Baban Ummi amma kafin nan fa an ce unguwar kango ce ba mai son zama, kuɗin baƙin ne ya gyara gine-ginen. Kuma akwai 'yan tsirarun Yahudawa har yanzu, suna da cibiyarsu da Yarima Charles na Ingila ya buɗe a 2008 tun bai zama sarki ba, ana kuma bikin al'adunsu da aka fara tun 1988. Jagora kuma sa'a ce, tamu mace ce ɗalibar tarihi, duk abin da almara ne sai ta ce almara ne. Ka karanta abin da mutane suka rubuta a kan mutum kafin ka yi rajista, kuma in ayarin ya haura mutum talatin ba abin da za ka ji sai iska.

Ɗan Fagge: To yanzu na rikice, duka biyun ke nan? Ƙafata fa

Injiniya: Duka biyun, amma ka lura da rana. Asabar ranar hutunsu ce, Remuh da maƙabartar a rufe suke ga baƙi, don haka Asabar ka yi tsohon gari da Wawel, Lahadi ka yi Kazimierz, da ma Lahadi da safe ana ibada a cocin Wawel ba a barin masu kallo su yi ta yawo. Filin fadar shiga kyauta ne, ɗakunan ciki kowanne da tikitinsa, ka tafi da katin ɗalibi ana ragi. Masana'antar Schindler da ke titin Lipowa gidan tarihi ce tun 2010, in kana so ka sayi tikiti ta intanet tun yanzu don yana ƙarewa. Auschwitz kuwa kusan kilomita 70 ne daga gari, yini guda yake ci, kar ka cusa shi cikin kwana biyun nan.

Hajiya Turai: Kuma ka sa takalmi mai taushi ɗana, duwatsun titin nan ba sa tausayi, ka sa rigar sanyi biyu. Abinci kuma a Plac Nowy da ke Kazimierz akwai wani zagayayyen gini a tsakiyar fili, da mayankar kaji ce ta Yahudawa, yanzu ana sayar da zapiekanka ta tagogi, dogon burodi ne da laimar kwaɗi da cuku a gasa, ka ce a ba ka wadda ba nama don naman nasu galibi alade ne. Ka yi alwalarka tun daga masauki.

Ɗan Fagge: Na gode Hajiya, na gode kowa. Asabar fada Lahadi Kazimierz in sha Allah. Yaya Injiniya yanzu tukuici biyu ke nan fa, zan turo maka lambar asusuna

Injiniya: Turo wa Malam Tarihi, shi ya ƙara maka na biyun

Malam Tarihi: Ni tukuicina hoto ne. In ka je titin Dietla tsakanin fada da Kazimierz ka ɗauko min, da reshen kogi ne ya bi ta nan ya raba garuruwan biyu, a ƙarni na 19 aka cike shi aka yi titi, sau biyu ina zuwa ina mantawa.